Saƙar Zumar Baba

Wannan makon ni aka miƙa wa alƙalami, da na zauna tunanin abin da zan rubuta sai na ga babu abin da na sani ciki da waje kamar 'yar sana'ar da muke yi a gidanmu a Damri, cikin ƙaramar hukumar Bakura ta jihar Zamfara. Sana'ar kakin zuma ce. Wasunku sun taɓa tambayata yadda muka fara, nakan ba su amsa a gajarce, domin akwai wani ɓangare na labarin da ba na son tunawa. Yau zan faɗe shi duka.

Tun ina ƙarama na san Baba da amya. Da hannunsa yake saƙa ta da ciyawa, ya shafe ta da kashin shanu, ya bar ta ta bushe, ya turara cikinta, sannan ya saɓa ya tafi daji ya ɗaure ta a reshen ɗorawa ko kaɗanya ko gawo. Idan bazara ta yi, itatuwa sun gama fure, sai ya fita da dare shi da ƙanensa, da igiya da bokiti da damin karan da za su kunna don hayaƙi. Kafin asuba sun dawo, ido a kumbure, bokiti cike da saƙa. Da safe Inna ta matse zumar da hannu, ta tace, a ɗura a kwalabe. Dunƙulen da ya rage a hannunta mu yara mu tsotse mu tofar, sauran a watsa a juji, kiyashi su yi biki. Shekara da shekaru haka ake yi a gidanmu, haka kuma ake yi a gidan duk wani mai shan zuma da na sani.

A farkon shekarar 2020 ina karatu a kwalejin kimiyya da fasaha ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara. Wata ranar Talata na shiga kasuwa, takalmina ya tsinke, na tsaya wajen wani dattijo baduku. Yana cikin gyaran na ga ya ɗauko wani dunƙule mai ruwan ƙasa-ƙasa, duk jikinsa zanen zare, ya ja zaren a kansa sau uku kafin ya zura a basilla. Ƙamshin abin ya buge ni, domin ƙamshin tsakar gidanmu ne da safiyar matsar zuma. Na ce, "Malam, wannan fa mene ne?"

Ya ce, "Kakin zuma. Shi ka hana zare ruɓewa, shi ka riƙe ɗinki. Tsada garai yanzu, sai fatake sun kawo daga nesa."

Na ce da me ake yin sa. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ke ɗiyar ina ce? Ai saƙar zuma aka narkawa."

Ban ƙara magana ba har ya gama, ina ta lissafin dunƙulen da na tofar da bakina tun ina yarinya.

Ba a daɗe ba aka rufe makarantu saboda korona, a watan Maris, na koma gida babu aikin fari babu na baƙi sai waya. A nan na karanta abin da ya ƙara tsaya mini a rai. Ashe kakin daga jikin ƙudan yake fita, ba daga fure yake kwaso shi ba. Ƙananan ma'aikata masu kwana 12 zuwa 18 a duniya su ne suke fitar da shi daga wasu wurare guda takwas a ƙarƙashin cikinsu, kuma kafin su samar da kilo ɗaya sai sun sha zuma kilo 6 zuwa 8. Na karanta cewa Habasha ce kan gaba wajen samar da kaki a Afirka, Tanzaniya kuma tana fitar da shi zuwa ƙasashen waje. Har kawunan tagullar nan na Ife da Benin da ake alfahari da su, da kaki aka fara ƙera siffarsu, aka lulluɓe da yumɓu, aka narkar da kakin ya tsiyaye, sannan aka zuba narkakken ƙarfe a gurbinsa. Wato abin da ƙudan ya fi shan wahala a kansa shi muke ba kiyashi.

Da bazarar ta zo Baba ya sha zumarsa, sai na roƙe shi kada a zubar da saƙar. Ya yi dariya ya ce, "Mi za ki yi da shara?" Amma ya bar mini.

Gwajina na farko abin kunya ne. Da tsakar rana na yi, na zuba saƙar a tsohuwar tukunyar ƙarfe babu ko ɗigon ruwa, na ɗora a murhu na zuga wuta. Abin ya yi baƙi ƙirin yana hayaƙi. Kafin in san abin da ake ciki ƙamshi ya kira ƙudan unguwa gaba ɗaya, suka cika tsakar gida. Suka harbi ƙanina a kunne, suka harbi yaron maƙwabta, akuya ta tsinke igiya ta yi waje. An ce zuma da zaƙi da harbi, to ni ranar harbin kawai na samu, da faɗan Inna a kai.

Bayan kwana biyu, da fushinta ya sauka, Inna ta ce in kawo sauran saƙar. Ita ta shekara fiye da ashirin tana matsar man gyaɗa tana soya ƙuli-ƙuli, ta san halin mai ta san halin wuta. Abin da na karanta a waya da abin da hannunta ya sani muka haɗa, har muka tsaya a kan hanyar da muke bi zuwa yau. Da farko a jiƙa saƙar a ruwa wuni guda, a wanke sauran zumar da ke jikinta. Sai bayan isha'i, lokacin da ƙudan ya shiga, a ƙulle ta a tsaftataccen ƙyalle, a sa a tukunyar silba, a cika da ruwa, a danne ƙullin da dutse. Wuta kaɗan-kaɗan, kada ruwan ya yi ta tafarfasa. Kaki yana narkewa a zafin digiri 62 zuwa 64, idan ya wuce 85 sai launinsa ya fara duhu, tukunyar ƙarfe ma tana baƙanta shi, abin da ya same ni ke nan. Ana danna ƙullin da muciya, kakin yana tasowa saman ruwa kamar mai. Idan ya daina fitowa sai a janye wuta, a rufe tukunyar a bar ta ta huce da kanta har safe. Ruwan sama ya fi na rijiya, domin wani ruwan rijiyar yakan sa ƙasan kakin ya yi laushi ya ɓaci, shi ya sa muke tara na damina a randa. Kuma ba a barin kaki a kan wuta a tafi wani aiki. Idan ya kama da wuta murfi ake kifa masa, ba a watsa masa ruwa.

Da safe muka buɗe tukunya muka tarar da shi ya daskare kamar faifai a saman ruwa. Inna ta kankare baƙin dattin da ke ƙasansa da wuƙa, muka sake narkawa muka tace, ya fito launin ƙwanduwar ƙwai. Baba ya karɓa ya juya shi a hannu, ya sunsuna, ya sake juyawa. "Ikon Allah," kawai ya ce.

Dattijon nan baduku shi ne mai sayenmu na farko. Amma abin da baduku ke buƙata a shekara bai fi dunƙule biyu ko uku ba, don haka dole mu nemi abin da za mu yi da sauran. Hunturu ne ya ba mu amsa. Duk wanda ya san hunturun Zamfara ya san yadda faso ke tsaga dugadugan mata har su yi jini, leɓen yara ya farfashe, hannun masu aikin fadama ya yi kaushi. Muka fara haɗa man shafawa: kaki da man kaɗanya da man gyaɗa mai kyau. Ba a kan wuta kai tsaye ake haɗawa ba, gwangwani ake sawa a cikin tukunyar ruwan zafi, a fara narka kakin, a bi shi da man, a gauraya, a ɗura a 'yan robobi tun da ɗuminsa. Na farko ya yi tauri har yatsa ba ya iya lakatarsa da sanyin safiya. Na biyu muka ƙara mai, ya yi daɗin shafawa, amma da watan Afrilu ya zo zafi ya haura digiri 40 sai ya koma ruwa a cikin robar. Daga nan muka gane awo biyu za mu riƙe: na sanyi, kaki kashi 1 mai kashi 4, na zafi kuma kaki kashi 1 mai kashi 3. Kafin a ɗura, Inna takan tsoma cokali mai sanyi ta ɗaga, ta jira ya daskare, ta murza a bayan hannunta. A awon sanyi, kaki giram 100 da mai giram 400 suna ba mu roba 25 masu cin giram 20.

Mun gwada kyandir ma, muka bari. Yana cin kaki da yawa, kuma wanda ke da fitilar caji ba zai sayi kyandir mai tsada ba. Inna kuma ta kafa mana doka tun ranar farko, kada wanda ya ce wa mai saye magani ne. Mai ne da ke rufe fata ya hana iska busar da ita, iyakarsa ke nan. Ta ce duk wanda ya fara sayar da abu da sunan yana maganin komai, ƙarshensa ba ya maganin ko kunyarsa.

Hunturun farko mun sayar da duk abin da muka yi, amma da muka buɗe gwangwanin ajiya ba mu ga kuɗin ba. Ba wanda ya sata. Gwaggo ta zo ta ɗauki biyu ta sa albarka, maƙwabciya ta karɓi uku sai ranar kasuwa, ranar da babu kuɗin cefane an buɗe gwangwani, ni ma na sa kati a waya. Sana'ar cikin gida haka take, bakin da ke cin ta shi ne bakin da ba ka iya hanawa. Sai na ɗauko sabon littafin makaranta na ja layi. Muka yarda duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta, har robar da Inna ke shafawa. Kyauta tana nan, amma daga rabon mai bayarwa za ta fita. Ƙanwata mai kai kaya gidaje tana da ladanta, ƙanina mai faskare da ɗebo ruwa yana da nasa. Sannan na kawo maganar da ta fi wuya, na ce Baba ma za a riƙa biyansa kuɗin saƙa.

Ranar da na durƙusa na ajiye kuɗin a gefen tabarmarsa, ya dubi kuɗin ya dube ni, fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ni za ki biya? Abin da ni ka zubarwa ga jibji?"

Na rasa ta cewa. Inna ce ta yi magana daga bakin madafa, ta ce, "Malam, karɓa. In ba ka karɓa ba, ba ta sanin ko riba taka ci ko hwaɗuwa."

Ya daɗe shiru, sannan ya ɗauka ya sa a aljihu. Daga wannan ranar Baba ya canza. Ya rage zuga wuta a bakin amya don kada saƙar ta ƙone. Ya fara ware farar saƙa daban da baƙa wadda 'ya'yan ƙudan suka kwana a ciki, saboda farar ta fi ba da kaki mai kyau. Ya bi abokan sana'arsa gida-gida yana cewa kada su zubar da tasu. Idan an tsokane shi a majalisa sai ya ce shi yanzu dillalin ɗiyarsa ne. Ni kuwa na riƙa jin kaina saboda littafin nan, ina ganin na gano sirrin kasuwanci.

A watan Satumba na 2021 gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako-mako, aka kuma katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga. Masu sana'a da yawa sun durƙushe a lokacin. Mu abin da ya taimake mu shi ne masu sayenmu suna cikin gidaje. Ƙanwata ta ɗora tire ta shiga wannan gida ta fita wancan, ranar suna ko biki Inna ta tafi da robobi a jaka. Muka wuce wannan, na ƙara yarda babu abin da zai taɓa mu.

Sai watan Mayu na 2022, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar salla. 'Yan bindiga suka shigo Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe, suka kashe sama da mutum 40. Ba zan yi bayanin wannan rana ba, waɗanda suka gan ta ba sa buƙata, kuma akwai gidajen da har yau ba su daina kuka ba. Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu. Mun yi makonni wajen 'yan uwa a Talata Mafara, da damina ta sauka muka koma saboda gona. Amma daji ya rufe. Gonar da ke nesa an bar ta, mai itace ya daina nisa. Amya 23 Baba ya bari a rataye a can, babu halin zuwa ko duba su.

Kakin da muka tara ya kai mu farkon hunturu, a watan Disamba ya kusa ƙarewa, daidai lokacin da aka fi nema. Akwai wata mata a Talata Mafara da ke karɓar roba 50 a lokaci guda tana sayarwa a unguwarsu, ta aiko sau biyu. Baduku ma ya aiko. Na duba abin da ya rage, na duba littafi, shaiɗan ya zauna a kafaɗata. Na aiki yaro ya sayo mini farin kyandir na kanti, irin wanda ake yi da kakin man fetur. Da dare bayan kowa ya kwanta na cire lagwanin na narka, na haɗa kashi ɗaya cikin uku. Launin ya ɗan yi haske, ƙamshin ya ragu kaɗan. Na ce wa kaina ba wanda zai gane, kuma ai ba guba ba ce.

Ranar Talata na kai wa dattijon nasa. Ya karɓa, ya gutsuri kaɗan ya murza tsakanin yatsunsa. Kaki na gaskiya idan ya ji ɗumin hannu yakan yi laushi ya miƙe kamar ƙullu, wannan kuwa sai ya yi santsi yana marmashewa. Ya sa a baki ya ɗan tauna, ya tofar. Ya ja zare a kai, ya gwada shi da farce. Sannan ya rage murya don kada na kusa su ji, ya ce, "Ɗiyata, wanga ba naku ba ne. Kyandir anka sa. Wa ya cuce ki?"

Ya buɗe mini ƙofar fita, da na ce wani ne ya sayar mana da ya yarda. Amma bakina ya ƙi. Na ce, "Ni ce, Malam. Namu ya ƙare."

Ya naɗe dunƙulen a takardarsa ya miƙo mini. Ya ce, "In babu, ki ce babu. Babu ba ta kashe ciniki."

Robobi hamsin ɗin nan ban kai su ba, na dawo da su gida. Da dare na faɗa wa Inna komai a ɗakinta ina kuka. Ban san Baba yana alwala a bayan taga ba. Bai yi mini faɗa ba, da safe da na gaishe shi tambaya ɗaya ya yi, "Kakin ya ƙare?" Na ce ya ƙare. Ya gyaɗa kai.

Bayan kwana biyu, an idar da sallar isha'i, maza sun shigo, Baba bai shigo ba. Ƙanina ya leƙa gindin rumbu ya ga babu igiya babu bokiti. Wayarsa tana kan tabarma, ya bar ta da gangan. Zuma da dare ake shan ta, kuma dare a wancan dajin kowa ya san na su wane ne. Ƙanina ya zabura zai bi shi, Inna ta riƙe rigarsa ta ce in ya fita bai da uwa. Ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida cikin wannan sanyi, ta ɗauki carbi. Ba ta ce mini komai ba, ni kuwa da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Duk ƙarar da iska ta kawo sai mu ɗaga kai. Aka kira assalatu bai dawo ba. Aka yi salla, gari ya waye, bai dawo ba.

Sai da hantsi ya fara muka ji sallamarsa a zaure. Rigarsa duk ƙaya da ƙasa, leɓensa ya bushe. Ashe yana kan bishiya ta uku ya ji ƙarar babura, ya sauko ya kwanta a cikin wani kwazazzabo, bai motsa ba har rana ta fito. Yawancin amyoyin sun faɗo, wasu ƙudan ya tashi ya bar su, tsutsa ta cinye saƙar. Abin da ya samo bai kai rabin bokiti ba. Ya ajiye a gabana ya ce, "Ga shi. Kada ki ƙara sa kyandir." Ya wuce ɗaki.

Da dare muka narka. Da safe na ɗora a sikeli, giram 700. Na buɗe littafi zan rubuta kuɗin saƙa kamar yadda na saba, hannuna ya kasa. Inna ta ce, "Rubuta. Ai ke kin ce komi a rubuta." Na rubuta. Kuɗin bai kai na tiya biyu ta shinkafa ba.

Na daɗe ina kallon wannan layin. Kusan shekara biyu ina lissafin mai da roba da itace da kuɗin mota, ina ganin ban bar komai ba. Ban taɓa ware layi ga tambayar da ta fi kowacce ba, wato wa ke zuwa ɗauko kayan, kuma me zuwan zai iya ci masa. Ranar da na ajiye wa Baba kuɗi a gefen tabarma na yi daidai ta wajen lissafi, amma na mayar da shi mutumin da ake jira, kuma dattijo irinsa ba ya iya zama yana kallo 'yarsa ta koma ha'inci saboda shi bai kawo kaya ba. Na ɗauka kyandir ɗin da na narka baduku da matan unguwa kawai na cuta. Ashe mahaifina na tura daji da shi.

Ranar Inna ta kafa doka ta biyu, ta ce in rubuta a shafin farko: ba za mu ƙara karɓar saƙar da aka ɗebo daga inda ba a jin kiran sallar gari ba, ko wa ya kawo ta, ko kyauta ce. Baba ya so ya yi musu, ta ce, "Malam, na yi takaba cikin raina daren jiya, ba ni ƙara yin ta don man ƙahwa." Bai sake magana ba.

Dokar ta rage mana sana'a ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Amma ta tilasta mana neman wasu hanyoyi. Na bi masu sayar da zuma a kasuwar Talata, waɗanda ake kawo musu ita da saƙarta daga wasu garuruwa su matse su zubar, na ba su bokitai masu murfi, duk mako biyu mu karɓa mu biya. Sannan muka sa kafinta ya yi mana akwati biyu irin na Kenya, mai faɗin sama da tsukakken ƙasa, wanda ake jera masa sanduna a sama, kowace faɗinta milimita 32, ƙudan ya rataya saƙa ɗaya a jikin kowace sanda. Amfaninsa shi ne ana ɗaga sanda ɗaya-ɗaya, a yanke wadda zumarta ta nuna a bar mai 'ya'ya, ba ƙonawa ba kisa, kuma tun da saƙar gaba ɗaya ake yankewa, kaki yana samuwa. Muka ajiye su a lambun Kawu a bakin gari, ƙarƙashin mangwaro. Nan ma da tasa matsalar. Yankinmu yankin noman rani ne tun da aka gama madatsar Bakolori a 1978, kuma inda ake noman rani ana feshin maganin ƙwari. Mun taɓa wayar gari mun tarar da ƙudan akwati guda a zube a ƙasa. Yanzu Baba yakan bi maƙwabtan lambun ya roƙe su su bari sai yamma lis, lokacin da ƙudan ya koma gida, kafin su yi feshi. Wasu suna ji, wasu ba sa ji.

Matar nan mai roba 50 ta koma wajen wani, ban ga laifinta ba. Baduku yana nan. Sau biyu ya aiko na ce babu, ya jira. Waɗancan robobin da na gurɓata ba mu sayar ba, mu muka shafe su a gida har suka ƙare, kowace safiya ina ganin aikina a ƙafata.

Wanda duk yake son fara irin wannan sana'a, jarinta ba shi da yawa: tukunyar silba da ba za a ƙara girki da ita ba, ƙyallen tacewa, ƙaramin sikeli, robobi da littafi. Ya fara da kaɗan, ya gwada a jikin mutanen gidansa har sanyi da zafi su wuce a kan kayan kafin ya yi alkawari da kowa. Idan yana son kayansa su hau kantar shaguna sai ya yi rajistar suna a CAC, ya nemi lambar NAFDAC, domin man shafawa yana cikin abin da hukumar ke kula da shi. Mu har yanzu a tsakanin gidaje da masu sana'ar fata muke, muna tara kuɗin wannan mataki. Amma kafin duk wannan, ya zauna ya tambayi kansa daga ina kakin zai riƙa zuwa, a ƙafar wa, kuma ranar da babu me zai ce.

Akwatunan yanzu sun zama biyar. Da la'asar Baba yakan ɗauki buzunsa ya tafi lambu ya zauna nesa kaɗan da su, yana kallon masu shiga da masu fita, wai daga launin garin furen da ke ƙafarsu yana gane bishiyar da suka je. Wani lokaci idan na kai masa ruwa nakan same shi ya juya yana kallon wajen daji. Ba ya cewa komai, ni ma ba na tambaya. Idan ladan ya kira magariba muna jin sa sarai daga nan, sai ya naɗe buzun mu kamo hanyar gida.

Allah Ya kawo mana zaman lafiya a Zamfara da Arewa baki ɗaya, Ya sa albarka a 'yan sana'o'inmu.